Gwamnatin da Ta Saka Mana Guduma a Hannu

Mu da muka taso a Jimeta zamanin jihar Gongola, kuɗin jama'a ne ya koya mana sana'ar da muke ci da ita har yau. A 1976 aka ƙirƙiro Gongola, a shekarar kuma aka fara shirin UPE na karatun firamare kyauta, sai ga ɗan mai dako da ɗan ma'aikaci a benci ɗaya. Da na gama firamare aka ɗauke ni Kwalejin Koyon Sana'a ta Gwamnati da ke Yola, mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai sayar da ko akuya ba.

Ɗakin aikin ne ba na mantawa. Tun daga bakin ƙofa warin baƙin mai da ƙonannen ƙarfe ke tarbar mutum. A bango akwai allon katako, an zana siffar kowace sufana da filaya da fenti, saboda in an tashi aiki ɗaya ta ɓace, gurbinta zai tona asiri, kuma ba mai fita sai ta dawo. Aikinmu na farko, malam ya ba kowa guntun ƙarfe da magagari, ya ce a goge har ya miƙe sumul. Ka yi ta guga har tafin hannu ya yi kanta, ka kai masa, ya ɗora ma'auni ya ɗaga wajen taga. In haske ya ratsa tsakani sai ya ce, "Ɗana, koma." Ba ya ɗaga murya. Ƙarfen da muke lalatawa muna koyo, gwamnati ce ke saye, da wayar walda, da rigar aikin da ke jikinmu.

Garin ma lokacin yana ta buɗe ido. Kwalejin horar da malamai ta tarayya tana nan tun 1974. A 1981 gwamnatin Shagari ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola. An haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta dawo cin gashin kanta a 1988. Masu ƙwaƙwalwar lissafi a cikinmu can suka nufa. Wasu kamfanin sukari na Savannah da ke Numan ya kwashe su. Mu kuwa muka kafa rumfa a gefen titi.

Kada a raina rumfar nan. Manomin rani na Geriyo in injin ban-ruwansa ya tsaya ana tsakiyar zafin Maris, ba Legas yake jira ba, a Jimeta ake naɗe masa waya ko a fiƙe masa sabon ƙarfe, kafin la'asar ruwa ya koma gona. Injin niƙa da na casar shinkafa da ƙyamaren ƙarfen gidajen Karewa da Jambutu, hannun ƴan gari ne. Kowannenmu kuma ya yaye yara, su ma sun yaye nasu. A ganina ba jarin da gwamnati ta zuba a wannan yanki da ya haihu kamar wannan.

Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abubuwa suka fara ja da baya, kayan koyo suka yi wuya a makarantu da yawa. An yi ta yunƙuri. Gwamnatin Murtala Nyako ta jihar Adamawa ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a Yola da Mubi da Mayo-Belwa, na kuma ga yaran da suka fito hannunsu ya faɗa. Asusun TETFund ya gina azuzuwa a manyan makarantunmu. A 2021 jami'armu ta fasaha ta zama Jami'ar Modibbo Adama kawai, kalmar fasaha ta fita daga sunanta. Na yi murna da za ta fara yaye likitoci, amma raina ya sosu.

Gini kowa na ganinsa, shi ya sa kuɗi ke saurin zuwa can. Yaro kuwa ba ya iya walda sai ya ƙona waya, ba ya iya kafinta sai ya ɓata katako. Ina roƙon masu tsara kasafin kuɗin Adamawa su ware wa kowace makarantar sana'a kuɗin ƙarfe da katako da wutar lantarki duk zangon karatu, su kuma biya malaman ɗakin aiki albashin da zai riƙe su.