Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Jajayen Itatuwa

A yammacin Amurka, a bakin Tekun Fasifik, akwai wata jiha da ake kira Kalifoniya. A arewacinta akwai kurmi mai itatuwan da suka fi duk itatuwan duniya tsawo. Mutanen ƙasar suna kiransu redwud, watau jan itace, don jan katakonsu. Wanda ya fi tsawo a cikinsu an gano shi a 2006, aka auna, aka sami ƙafa 380. Waɗansunsu kuwa sun haura shekara 2,000 suna tsaye.

Wata rana wani malamin makaranta na garin Yurika ya ɗebi almajiransa don su ga wannan kurmi, gama gani ya kori ji. Suka shiga mota da sassafe, suka nufi kudu, suka bi wata hanya mai tsawon mil 31 wadda ta ratsa tsakiyar itatuwan. Da suka sauka sai kowa ya yi tsit. Rana ta fito, amma ƙarƙashin itatuwan da duhu-duhu kamar almuru. Yara goma suka kama hannun juna don su kewaye gindin itace guda, suka kasa.

Malam ya kai su wurin wani ƙaton itace da ya faɗi a 1991, tsawonsa ya fi ƙafa 360. Wani yaro ya dubi saiwoyinsa ya ce, "Malam, yaya itace mai wannan tsawo saiwarsa ba ta yi zurfi ba?"

Malam ya ce, "Ka yi tambaya mai kyau. Saiwar ba ta nitsewa ƙasa ƙwarai, amma takan bazu nesa, ta sarƙe da ta maƙwabtanta. Da haka suke riƙon juna in iska ta taso." Ya kuma nuna musu ɓawon, wanda kaurinsa yakan kai ƙafa guda. Shi ke tsare itacen daga gobara da ƙwari. Da bazara, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, hazo yakan taso daga teku ya lulluɓe kurmin, itatuwan su sha daga danshinsa. Shi ya sa ba su yin nisa da bakin teku.

Da rana ta yi tsaka suka juyo, suka ƙetare Kogin Il, suka shiga Fandel, wani ƙaramin gari kusa da teku. An fara zama a wurin a 1852. Mutanensa makiyaya ne, da madara da man shanu suka yi arziki, suka gina gidajen katako masu ado. Nan yaran suka ci guzurinsu.

Da la'asar suka komo Yurika, suka tsaya gaban wani gida mai hawa-hawa da hasumiya, an yi masa sassaƙa ko'ina kamar zanen ƙwarya. Wani attajiri mai suna Wiliyam Kason ya gina shi tsakanin 1884 da 1886. Mutumin Kanada ne, neman zinariya ya kawo shi, amma da sayar da katako ya yi dukiya. Tun 1950 gidan yana hannun wata ƙungiya, saboda haka sai daga waje ake kallonsa.

Wata yarinya ta ce, "Malam, da me aka gina shi?"

Malam ya ce, "Yawancinsa da irin itacen da kuka gani da safe. Haka kuma gidajen Fandel."

Yaran suka yi shiru, gama sun gane. Kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar na asali, irin su Yurok, sukan sassaƙa jirgin ruwa su gina ɗaki da wannan itace, kurmi kuwa bai ragu ba. Amma daga wajen 1850, da masu gatari da zarto suka shigo, sai aka dinga sara ba ji ba gani. Yanzu abin da ya saura na tsohon kurmin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ko wannan ma da ƙyar aka tsirar da shi. A 1918 waɗansu mutane suka kafa ƙungiya, suka tara kuɗi suna sayen kurmi don a hana sara. A 1968 gwamnatin Amurka ta keɓe wani babban yanki ya zama gandun da doka ke tsarewa.

To, yara, katako abin amfani ne, ba wanda zai ce kada a yi gini. Amma gidan attajirin nan shekara biyu aka yi ana gininsa, itacen da aka sare dominsa kuwa ya yi ɗaruruwan shekaru yana girma. Wanda zai ɗaga gatari ya kamata ya fara yin wannan lissafi, ya bar wa na baya rabonsu.