Janwen Kawu da Maganar Gas

Duk wanda ke karanta injiniyancin kanikanci a cikinmu ya san cewa da zarar ya koma gida hutu ya zama likitan kowane inji da ke unguwa. Janareto ya ƙi tashi, a kira ɗan Poli. Injin markaɗe ya canza murya, a kira ɗan Poli. Ko ND I kake, sunanka ya riga ya koma Injiniya. Ni tambayar da ta iske ni a hutun da ya wuce ta fi ƙarfin sukundireba, domin abincin gida guda ne ya rataya a kanta.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da tsohuwar Land Cruiser mai shan fetur, irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja. Da ita yake aikin janwe tsakanin Isa da Sabon Birni. Da damina yana ciro motocin da suka kafe a laka, da rani waɗanda yashi ya riƙe, ko ya jawo wadda ta mutu a hanya zuwa gareji. Wanda ya san ƙasar Gobir ta bakin Gulbin Rima ya san aikin ba ya yankewa. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, motar ta koma cin rabonta da na mai ita. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan a gidan mai ke nan. A wajen 'yan bumburutu, inda mutanenmu suka fi saye, sai abin da bakinsu ya faɗa.

"Injiniya, na ji an ce ana mai da mota ta sha gas," in ji Kawu. "Mi kag gani? In kai ta, ko in bari?"

Abu na farko da na warware masa shi ne gas ɗin iri biyu ne, kuma rediyo na haɗe su wuri guda. Wanda gwamnatin tarayya ke ta tallatawa tun 2023 shi ne CNG. Iska ce zalla da ake matsawa cikin silinda mai kauri da ƙarfin da ya kai ba 200, wato kusan ninki 200 na nauyin iskar da muke shaƙa. Yana da arha, ba musu. Sai dai silindar nauyi gare ta, tafiyar da take bayarwa gajera ce, kuma shi CNG bututu yake bi. Bututun AKK da aka ƙaddamar a 2020, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta zai bi Abuja da Kaduna ya tsaya Kano. Ko a takarda bai nufo Sakkwato ba, balle Isa. Nan take na ce wa Kawu ya cire wannan daga ransa.

Na biyun shi ne LPG, gas ɗin girki da muka sani. Shi ruwa ne a cikin tukunya, matsinsa bai wuce ba 10 ba a yawancin lokaci, ana kuma ɗauko shi a tanka kamar fetur. Masu noman rani da yawa a Arewa sun riga sun mai da injinan ban-ruwansu kansa. A mota ana ɗora tukunya ta musamman mai bawul da ke tsai da cikawa a kashi 80 cikin 100, don gas ya samu wurin kumbura idan rana ta buɗe. Daga nan tiyo ya kai shi wata na'ura da ruwan lagireto ke ɗumamawa, ta mai da shi iska, sannan ya shiga inji. Tankin fetur yana nan bai tafi ko'ina ba. Maɓalli ɗaya direba zai danna ya koma kansa.

Sai lissafi, wanda shi Kawu ya fi so. Litar LPG ba ta kai litar fetur ƙarfi ba, don haka mota na ƙara sha da kamar kashi 20 cikin 100. Tafiyar da ke cin lita 100 ta fetur za ta ci kusan lita 120 ta gas, kimanin kilo 65 ke nan. A ce fetur na naira 1,000, kilon gas na 1,200. Ga 100,000 a hannu ɗaya, ga 78,000 a ɗayan. Ƙa'idar da na ba shi mai sauƙi ce: muddin kilon gas bai kai kuɗin lita ɗaya da rabi ta fetur ba, akwai rara. Daga wannan rarar ne kuɗin juyawar zai fita, wata bayan wata.

Matsalar ita ce janwe ba tasi ba ce. Motar da ke jan wata motar cikin yashi a ƙaramar giya, a zafin watan Afrilu, injinta na aiki ne a iyakar ƙarfinsa. Fetur yana ɗan sanyaya bawul idan ya shiga, gas kuwa busasshe ne. A tsohon inji mazaunin bawul na iya cinyewa a hankali, musamman in bakanike ya rage gas fiye da kima don a ga mota ba ta sha. Ƙarfi ma yana ɗan raguwa. A kan kwalta ba za ka ji ba, amma ranar da kake ƙoƙarin ciro motar buhunan gero daga cikin taɓo za ka ji. Kuma tukunyar ba ta da wurin zama a ƙarƙashin mota irin tasa, inda kututture da dutse ke jiran ta.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Duk wanga na ji. To in ta mutu min tsakanin Gatawa da gari fa?"

Wannan ce tambayar da babu ita a hand'awut ɗinmu. A wani wuri mutuwar mota ɓata lokaci ne. A gabashin Sakkwato tana iya zama ƙarshen mutum. Ba mu manta da watan Disamba na 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka ƙona matafiyan da suka taso daga Sabon Birni a cikin motarsu. A shekarar ce kuma gwamnatin jiha ta hana sai da mai a jarka, aka yanke layukan waya, mutane suka ga yadda mai ke zama abin da ake bincike a shingen sojoji. Direban da ke bin wannan hanya ba ya son wata na'ura a injinsa da babu bakanike ko ɗaya a garin da ya taɓa buɗe irinta. Ni ma ban ga laifinsa ba. Amma ta wani ɓangaren, mota mai tanki biyu ta fi mai tanki ɗaya nisan zango, kuma ranar da fetur ya yanke a gari tana da abin da za ta koma kai.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne aikin bakin titi. Na ga wanda ya ɗaure tukunyar girki mai kilo 12.5 a bayan kujera da igiyar roba, ya ja tiyon ruwa zuwa inji. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan mota yana jiran tartsatsi. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan sai da CNG a Benin, hukuma ta ce silindar haɗin walda ce. Mu da za mu fita da takardar shaida gobe, mu ne mutane za su riƙa tambaya, kuma "ai yana yi" ba amsa ba ce.

Abin da muka tsayar da Kawu shi ne ba zai taɓa motar ba sai bayan damina. Kafin nan na ba shi littafi mai layi yana rubuta litar da ya sha da wuraren da ya je. In lissafin ya nuna kuɗin juyawa zai fita cikin shekara guda, za a kai ta birni wurin masu lasisi, a sa tukunyar a cikin bodi a ɗaure da ƙarfe, a sauya filogi, a riƙa duba bawul a kan kari. Zai riƙa tafiya da gas idan ba ya jan komai. Da ya ɗaura sarƙa, ko ya shiga dajin da ba a tsayawa, sai ya danna maɓalli ya koma fetur. Ya kuma ce in nemo masa yaron garejinsu ɗaya da za a tura ya koyi gyaran na'urar tun kafin a ɗora ta.