Kafin Ki Miƙa Kayan Kallonki Ga Mai Gyara

 A da idan aka jera wa amarya gado da kwalla da fanteka, ango ya kawo rediyo mai kaset, to magana ta ƙare. Yanzu kuwa ko a nan Yako sai kin ga talabijin ta bango da risiba da waɗannan lasifikoki da ake kira hom tiyata. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 dish ya yawaita a kan rufin gidaje daga Kiru har Tudun Wada, don ba mai son a ba ta labarin Daɗin Kowa a gidan biki.

Abin da ba a gaya mana shi ne, kowanne daga cikin kayan nan yana da manhaja a cikinsa, a rubuce a wani ɗan guntun ƙarfe da bai kai farcen babban yatsa ba. Ita ke gaya wa na'urar yadda za ta tashi, ta ji umarnin rimot, ta daidaita murya da hoto. Kamfani kan fitar da sabuwa don gyara kuskuren tsohuwa, sanya ta kuma shi ne masu gyara ke kira filashin.

Wata uku da tarewar ƙanwata risibarta ta fara daskarewa. Wani yaron unguwa ya ce aikin minti biyar ne, ya zo da filash ɗinsa ya soka. Layin da ke tafiya a fuskar talabijin ya kai rabi ke nan aka ɗauke wuta. Da ta dawo, risiba sai ɗan jan haske kawai, ko ƙyaftawa ba ta yi. Kin gane abin da ya faru? Na'urar takan goge tsohuwar manhaja tana rubuta sabuwa a gurbinta, to an tsaya a tsakiya, babu tsohuwa babu sabuwa. Maigidan ya ce ta cika taɓe-taɓe, ita kuma ta yini kuka, don da kuɗin adashin Inna aka sayi kayan. Kwana biyu ba mai ce wa wani ci kanka. Sai da aka kai ta Sabon Gari a Kano, wani mai gyara ya buɗe cikinta ya sake rubuta guntun ƙarfen, bayan kuɗin mota daga Kwanar Ɗangora zuwa da dawowa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta masu dikoda irin DStv da GOtv da StarTimes, domin sabuwar manhajar takan sauko da kanta ta hanyar da hoto ke zuwa. Idan kin ga rubutu ya bayyana layi na tafiya, ki ajiye rimot ki tafi girkinki, kuma ki tsawata wa yara kada wani ya zare soket.

Talabijin mai shiga intanet kuma sai ki haɗa ta da wayarki, ki shiga wajen saiti ki nemo inda ake sabunta manhaja. Sai dai ki lura, ta babbar talabijin tana iya haura gigabait 1, kada data ta ƙare miki a hanya.

Ta filash ita ce aka fi yi a wajenmu, ita ce kuma mai cizo. Da farko ki juya na'urar ki kwafi lambar samfurin da ke manne a bayanta, harafi da harafi. Risiba biyu na iya zama kamar an tsaga kara a ido, amma harafi ɗaya ya raba su, manhajar wannan ta kashe waccan. Daga shafin kamfanin da ya ƙera ta ake saukowa da fayil ɗin, ba daga wani zauren WhatsApp ba. A share filash ɗin a tsarin FAT32, a ajiye fayil ɗin a fili ba cikin wata jaka ba, sai in takardar kamfanin ta ce akasin haka. Sannan, don Allah, kada a fara sai a kan batirin sola ko injin da aka cika wa mai. Ko wuta ta kwana uku ba ta ɗauke ba, ni ban yarda da ita ba a wannan minti goman. Yawancin risiba suna da wajen adana jerin tashoshi a filash, ki sa a yi hakan tukuna, in ba haka ba sai an sake lalubo su ɗaya bayan ɗaya.

A ganina ma idan kayanki na aiki lafiya ba dole ba ne. Ki tambayi mai gyaran, "Malam, me sabuwar za ta gyara?" In ya fara kame-kame, ko ya ce zai buɗe miki tashoshin kuɗi kyauta, ki ba shi haƙuri. Waccan manhajar ta sata ce, kuma ranar da ta kashe na'urar ba kamfanin da zai saurare ki.

Saura ɗaya, ku 'yan makaranta da ake aika da kaya shago. Idan mai gyara ya ce a kawo filash, kada ki ɗauki wanda hotunan kamu da na lalle da na ƙawayenki ke ciki, balle katin ajiyar wayarki. A kwamfutarsa zai soka shi, kwafewa kuma ba ta cin minti ɗaya. Ki sayi ƙarami daban, ki ɗaura masa jan zare, ki ajiye shi a kwalin risibar tare da rasit.