Ƙwan Fitila Nawa Ne a Shagonka?

Duk Basakkwacen da ke zuwa Kano sarin kaya ya san hanyar. Zai ratsa Fagge, ya leƙa Kantin Kwari don atamfa da shadda, sannan ya gangara kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ko da yake ba mai kiranta haka sai 'yan jarida. Fagge dama masaukin baƙi ce a wajen ganuwa tun zamanin ayarin raƙuma. Sabon Gari kuwa Turawa suka yanka ta wajajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, don mutanen kudu. A wannan zuwan, abin da ya tsayar da ni yana can sama ne, wato farantan sola da aka shimfiɗa bisa kwanon kasuwa.

Labarinsu ya faro ne daga gobara. A ƙarshen watan Maris na 2016 wuta ta tashi cikin dare ta lashe shaguna kusan 3,800 a Sabon Gari. Abin da ke biyo bayan irin wannan mun san shi, don mu ma babbar kasuwarmu ta Sakkwato ta ƙone a Janairun 2021. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a buɗe gidauniya, sai tambayoyi biyu su cika gari: wa ya jawo, kuma nawa gwamnati za ta bayar? Wanda jarinsa ya koma toka yana da haƙƙin yin su. Illa dai ko an amsa, kasuwar da za a sake ginawa irin ta jiya ce, da wayoyinta na jiya.

Wayoyin nan sai ka gani da ido. Kanawa na da abin da suke kira maja: mutum ɗaya ya girke ƙaton janareta a lungu, ya ja wa maƙwabta waya, da yamma yaronsa ya bi shago-shago yana karɓar kuɗi gwargwadon ƙwan fitila da fankar da ka kunna. Wayoyin sun sarƙe a sama kamar saƙar gizo-gizo, an ɗaure mahaɗarsu da leda, jarkar mai na ajiye kusa da tarin katifu da robobi. Kowa ya san haɗarin. Kowa kuma tambayarsa ɗaya, yaushe za a kawo wuta?

Hukumar tarayya mai samar da lantarki a karkara, lokacin da Damilola Ogunbiyi ke shugabantarta, ta zo da wata tambayar daban, mai kama da ta yara. Aka bi shaguna sama da dubu goma ana tambaya: me kake kunnawa, awa nawa a rana, nawa kake kashewa a kai? Amsar ce ta buɗe ido. Yawancin shaguna ƙwai ne da fanka da cajin waya. Kasuwa da hantsi take ci, kafin magariba an kulle, ashe buƙatarta ta faɗo daidai lokacin da ranar Kano ke zuba kyauta. Ga shi kuma 'yan kasuwa ba sadaka suke jira ba, dama can suna biya, kuma da tsada. Da wannan lissafin aka jawo kamfani mai zaman kansa, Rensource, ya zuba kuɗinsa, a 2018 aka fara haɗa shaguna da sola da mita. Shirin ya haɗa da kasuwar Ariaria a Aba da ta Sura a Legas.

Ban ce janareta ya yi bankwana da Sabon Gari ba, har yanzu za ka ji rurinsa a wasu layukan, gobara ma ba ta daina ziyartar kasuwannin Kano ba. Amma shagon da babu jarkar fetur a cikinsa ya rage mugun baƙo ɗaya.

A Kwari kuwa ruwa ne abokin gaba. A watan Agustan 2022 ambaliya ta kutsa shaguna ta jiƙa diloli, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin kan gine-ginen da aka dasa bisa magudanan ruwa. Na tsaya wajen wani dattijo ɗan dako da ke hutawa a kan amalankensa, bayan mun gaisa na ce, "Baba, da can ina ruwan nan yake bi?"

Ya ɗaga haɓa ya nuna min jerin shaguna, ƙofofinsu a buɗe, ciniki na ta gudana. Ya ce, "Nan ne hanyarsa, Malam. Kowa a layin nan ya sani, har masu shagunan. Amma kowannensu da takardarsa a aljihu."