Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

Abin ya faru ne wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina kan sa ƙadangare neman inuwa. Ina zaune a shagona a Ƙofar Ƙaura, ina buga ƙwallon eFootball, ina kuma watsa wasan kai tsaye ta Facebook. Ana cikin haka sai hoto ya daskare. Kafin ya dawo an jefa mini ƙwallo biyu. Wani daga cikin masu kallo ya rubuto cewa in ɗauki akwalata in kai ta gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina. Kai jama'a, ranar ban yi barcin kirki ba!

Ita kwamfutar ta hannu ce. Ƙwaƙwalwarta, watau furosesa, Intel Core i5-3470 ce, wadda ta fito tun 2012, sa'an nan na ƙara mata katin hoto GTX 1050 Ti. Da ita nake buga wa 'yan'uwana ɗalibai takardu, daga nan kuwa na tara 'yan kuɗin da zan biya rajista da ɗinkin kundin digirina. Washegari na wayi gari zuciya na raya mini cewa in taɓa kuɗin nan in sake ƙwaƙwalwa.

Da na bincika sai na tarar hanya biyu ce. Ta farko in sayi i7-3770, wadda za ta zauna daram a gurbin tsohuwar, amma ita ma sa'arta ce, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ta biyu in sayi ta zamani. To amma ta zamani ba ta shiga tsohon gurbi. Dole in sake babban allon da ake dasa ta, in kuma zubar da ram ɗina DDR3 in nemi DDR4 ko DDR5. Ga shi tun da aka saki naira a Yunin 2023 duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Watau dai kundi ya tafi ke nan, wataƙila har da rajista.

Duk da haka na kinkime ta sai wurin wani dattijon mai gyara. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Samari, wa ya gaya maka ƙwaƙwalwar ce ba ta da lafiya?" Na ce, "Baba, ai kowa haka yake faɗi." Ya yi murmushi, ya kwance murfi. Abin kunya, ƙurar hunturu biyu ta toshe fanka, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ƙarau. Ya ce duk furosesar da ta ji zafi ya kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya hure ƙurar, ya shafa sabon mai.

Daga nan ya buɗe OBS, manhajar da nake watsawa da ita. Ashe na ɗora wa ƙwaƙwalwa kaya biyu: ita ke tafiyar da wasa, ita ke kuma dunƙule hoton da za a tura, alhali kuwa katin hotona yana da sashe na musamman, NVENC, wanda aka yi domin wannan aiki. Yana juya aikin can, sai ƙwaƙwalwa ta sami sarari.

Na uku shi ya fi kashe mini jiki. Ya ce hoto matsakaici, 720p, yana bukatar kamar megabit 3 kowace daƙiƙa wajen turawa, watau fiye da gigabait 1 a awa. Muka auna layina da yamma, sai ga shi yana hawa yana sauka. Ya ce, "Ko ta miliyan ka dasa, ba za ta faɗaɗa maka wannan ƙofa ba, ba kuma za ta hana a ɗauke wuta ba."

Ban ce ba ranar sakewa ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da irin tawa ba. Lalle wata rana zan rabu da ita, amma sai na karɓi takardata, kuma gaba ɗaya zan sake, ba faci ba.

Saboda haka ya 'yan'uwana ɗalibai, kafin ku zaro kuɗi ku auna zafi, ku duba wanda aka ɗora wa kaya, ku gwada layi. Ni dai na biya rajista, kundina yana wurin Malam. Ran Asabar da ta wuce an sake cina biyu da nema, wannan karo kuwa ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.