Inda Zan Sauka In Na Je Matsirgar Biktoriya

Yayana ya yi alkawarin kai ni matsirgar ruwa ta Biktoriya, a Kogin Zambezi, in na ci jarrabawa. Mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Masauki ne ya jawo mana gardama. Shi Livingstone yake so, a Zambiya, don ga kasuwa ga gidan tarihi. To amma a Nuwamba za mu tafi, lokacin da ruwan ɓangaren Zambiya kan janye ya bar dutse tsirara. Ni kuwa ba dutse zan kashe kuɗi in gani ba, muna da shi a gida! Daga garin tsallake, a Zimbabuwe, da ƙafa ake shiga gandun, kuma ruwan can ba ya yankewa. Mai son kasuwa sai ya ɗauki fasfonsa ya haye gadar da aka gama a 1905.