Dattijon Direba Da Zaɓen Shokazoba

A Samaru Kataf akwai wani dattijon direba mai tsohuwar akori-kura ƙirar Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Da ita yake kwaso citta daga ƙauyuka zuwa Kafanchan. Damina ta tafi ta bar hanya duk rami, mota ta kama tsalle har buhu biyu suka faɗa rafi, ya biya mai kaya daga aljihunsa.

A kasuwa aka ajiye masa shokazoba iri biyu: sabuwa mai ƙyalli da araha, da ta Beljiyam, kodaɗɗiya, alhali ta fi tsada. Yaron motarsa ya ce a ɗauki sabuwar, wai za ta fi jure kaya. Dattijo ya ce sifirin ke ɗaukar nauyi. Ita shokazoba lilo take hanawa, watau tana matse mai ta ƙananan kafofi har girgiza ta mutu. Sa'an nan ya danna kowace da hannu. Sabuwar ta shige salin-alin. Ta Beljiyam kuwa ta yi gardama har ƙarshe, kuma ba ta yoyon mai.

Kuɗinsa na guda biyu ne kacal. Ya sa a ɗaura su a baya, inda kaya ke zama, na gaba su jira ƙarshen kakar citta.